Ranar da Aka Miƙa wa Joshua Wuƙar Yanka

A gidan hayarmu na Kakuri, a Kaduna, ba ma yanka akuyar Kirsimeti da hannunmu. Malam Auwal tela muke kira ya yanka, don maƙwabta Musulmi su ci tare da mu. Rikicin shekarar dubu biyu ya watsa wannan. Malam Auwal ya kwashe iyalinsa ya tsallake kogi.

Muna murna soja sun koma bariki, farar hula sun hau, ashe 'ya'yanmu za a mai da sojoji. Ɗana Joshua shekararsa goma sha uku lokacin da manyan unguwa suka ba shi adda da ƙwaya, suka tsayar da shi a shingen bakin titi. Da ƙura ta lafa kowannensu ya koma cocinsa da farar riga, ni aka bari da yaron da ba ya barci, ba ya magana.

Na sha wuya kafin na samo kansa. Na ɓoye duk wuƙar da ke ɗakina, albasa ma a ɗakin maƙwabciya nake yankawa. Ya koma makaranta. Har ya fara buga ƙwallo a layi.

Ranar jajiberin Kirsimeti na dawo daga famfo na tarar da maza sun kewaye akuya, an rasa mai yankawa. Ƙatti-ƙatti da su, wai ba su saba ba! Sai Baba George, yayan mijina marigayi, wanda shi ya fara kai Joshua shingen, ya miƙa masa wuƙa yana dariya.

"Zo, soja. Kai ai hannunka ya faɗa."

Na yar da bokiti. "Baba, ka ji tsoron Allah! Ina naka 'ya'yan? Ka tura su ƙauye, ka ɗauki maraya!"

"Haba Deborah, akuya ce fa, ba mutum ba, no be person."

"Joshua, ajiye. Zo nan."

Bai ko dube ni ba. Ya durƙusa, ya danne wuyan da gwiwa, ya ja sau ɗaya. Marasa kunyar nan har da tafi.

Ya goge wuƙar a wandon makarantarsa, ya miƙe ƙiƙam a gaban Baba George, ya ce, "Oga, saura wa?"