Matar Direba

Uwar Biyu na zaune a bakin gadon ɗakin gwaji, ɗankwalinta ya karkace gefe guda, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayan a ƙarƙashin gado, lokacin da sabon malamin ya dawo daga amsa waya. Ta zaci zai ce ta rage murya, don ɗalibar da ta fita yanzu a tsorace ta fita. Bai ce haka ba. Ya tsaya riƙe da wayar, yana kallon bango kamar a can aka rubuta abin da zai faɗa.

"Mama, Malama ta rasu. Ɗanta ne ya bugo yanzu."

Kafin ta buɗe baki ya juya, ya ce bari ya je ya sanar da shugabar makaranta, ya fita bai ja ƙofar ba. Ya manta bai sallami ɗaliban da ke layi a baranda ba.

Uwar Biyu lafiyarta lau. Ɗinki ne sana'arta, kuma rabin fararen kayan da ɗaliban makarantar koyon aikin jinyar nan ke sawa daga kekenta suka fito. Amma duk ranar da za a gwada su a kan kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa, sai ta rufe shago ta zo ta zama wata mace daban, wadda kowa a makarantar ke kira matar direba. Mijin matar direba yana jan babbar mota, yakan yi makonni bai dawo ba. Ita kuma ta daina barci, ta daina girki, ta fara jin rediyo na maganarta. Ɗalibai su shigo ɗaya bayan ɗaya su yi mata magana, malami na gefe yana duba yadda suke yi. Malama, tsohuwar malamar makarantar kuma maƙwabciyar Uwar Biyu da katanga ɗaya ta raba su, ita ta ƙirƙiro wannan mata.

Kuka ya zo mata ba ta shirya ba. Tana cikinsa aka yi sallama, wata doguwar ɗaliba ta shigo. Ta dubi kujerar malami ba kowa, ta ɗan yi turus, sannan ta ci gaba da abin da aka koya mata. Ta ce ita ɗalibar jinya ce, ta zo su yi hira in an ba ta izini. Ta jawo kujera ta zauna, ba kusa sosai ba, ta ɗora hannayenta a cinya, tana jira.

Uwar Biyu ta ce, "Malama ta mutu."

Doguwa ta gyaɗa kai a hankali. "Kina jin kamar kin rasa wani na kusa da ke."

"Ba ji nake ba, 'yar nan. Ta mutu. Malamarku."

Yarinyar ba ta motsa ba. An sha gaya musu matar direba takan kawo maganar da ba a zata ba, kuma duk wadda ta firgita ta faɗi jarrabawar. Ta miƙo mata hankici, ta bari kukan ya ɗan lafa, sannan ta tambaya da murya ƙasa-ƙasa:

"Wace ce ita a wurinki?"

Uwar Biyu ta buɗe baki ta rasa wadda za ta amsa, ita ko matar direba.

Ta katanga abin ya fara. Uwar Biyu mace ce mai kwaikwayo. In mai kawo ɗinki ta fita, sai ta maimaita wa 'yan biyunta yadda matar ta yi tafiya da yadda ta lanƙwasa baki tana cewa hannun rigar ya matse. Malama na jin su daga tsakar gidanta tana dariya ita kaɗai. Wata rana ta leƙo ta ce baiwar nan tana lalacewa a banza, ta zo ta ba ta aiki.

Da yamma suke gwajin, a tsakar gidan Malama, kusa da igiyar shanya. Ranar farko Uwar Biyu ta warware gashi, ta zare ido, ta hau ihu. Malama ta bar ta ta gaji, sannan ta ce ba ta son mahaukaciyar fim. Ta ce yawancin waɗanda ta yi jinya a tsawon aikinta mutane ne masu shiru, masu gajiya, masu jin kunya, in ka gan su a mota ba za ka sani ba. Sai ta ce bari ta nuna mata. Ta sauke kafaɗu, ta ƙura wa ƙasa ido, ta fara murza bakin mayafinta. Cikin ɗan lokaci Malama ta ɓace, wata mata ce zaune a wurin. Har ɗanta ya taɓa shigowa ya tarar da ita haka, ya yar da ledar hannunsa. In ta ga ya isa, sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "To, an tashi." Ta koma Malama, ta aiki Uwar Biyu ta ɗora shayi.

Uwar Biyu takan ce mata, kin aura mini direba, ko sau ɗaya bai kawo mini tsaraba ba. Malama ta ce ta yi haƙuri, motar ce ta lalace a hanya, shekara nawa ke nan ana gyara.

Ko bayan Malama ta yi ritaya ba ta bar zuwa aji ba, kuma ba su bar gwajin yamma ba. Shi ya sa da abin ya fara, Uwar Biyu ba ta san ya fara ba. Ta shiga wata yamma ta tarar da ita tsaye gaban firij, ta buɗe shi tana neman takalminta a ciki. Malama ta juyo ta ce a kashe rediyon nan, tun safe yake maganarta. Babu rediyo a kunne. Uwar Biyu ta yi dariya, ta ce yau ba ko gargaɗi? Ta gyara murya ta zama nas, ta kama hannunta ta zaunar da ita. Can Malama ta dube ta, ta tafa hannu, ta ce an tashi. Suka sha shayi.

Bayan kwanaki aka sake. Wannan karon Uwar Biyu ta jira tafin har shayi ya huce, bai zo ba. Washegari kuma ta tarar da Malama garau, tana gyara wa wata ɗaliba rubutu, tana yi mata faɗa a kan ta rubuta "mahaukaci" a maimakon sunan mutum. Uwar Biyu ta koma gida tana ce wa kanta to ai wasa ne. Wata ranar ta ce ba wasa ba ne. Ta gaya wa ɗan Malama, tana gaya masa tana jin kamar ta kai ƙarar wasan yara. Shi ya kai ta asibiti. Likita ya ce ƙoda ce, ciwon sugan da ta daɗe da shi ya taɓa ta, kuma in ƙoda ta gaza dattin jini kan hau kai ya rikita mutum.

Sau ɗaya aka bar Uwar Biyu ta shiga duba ta a asibitin. Ɗakin na warin maganin goge ƙasa, an rataye ledar ƙarin ruwa a sanda, Malama ta zama 'yar ƙarama a cikin zanin gado. Uwar Biyu ta tsaya a kanta da kwanon abinci a hannu.

"Malama, kin gane ni?"

Malama ta daɗe tana kallonta. "Zauna mana. Ba a tsayawa a kan mara lafiya."

Ta zauna. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, don wannan faɗan na Malama ne sak. Sai Malama ta miƙo hannu ta riƙe wuyan hannunta, ta yi magana da muryar aji, mai laushin nan da take koya wa ɗalibai.

"Matar direba. Yaya barcin?"

Uwar Biyu ta nemi alamar dariya a fuskar, ba ta gani ba. Ta nemi alamar ɓata, ita ma ba ta gani ba. Ta so ta ce ni ce fa, Uwar Biyu, mai ɗinki. Amma hannun na riƙe da ita yana jira, kuma bakinta ya saba. Ta ji kanta tana cewa ba ta samun barci, maigidan bai dawo ba, rediyo ya dame ta. Malama ta gyaɗa kai.

"Ina jin ki. Ina nan, ba inda za ni. Ci gaba."

Ta ci gaba. Ta ba da labarin matar direba tun daga farko, har ta ƙara abin da ba a taɓa sawa a ciki ba, har idon Malama ya rufe. Ta zauna tana kallon tafin hannayen nan biyu a kan zanin gado, ko za su haɗu. Nas ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.

Duk wannan ne ya taso mata a ɗakin gwaji, amma abin da ya fito kaɗan ne. Ta ce wa Doguwa, maƙwabciyata ce, katangarmu ɗaya. Ta ce ita ta koya mini zaman nan da kike gani. Yarinyar ta fara gyaɗa kai, sai kan ya tsaya. Daga baranda aka ji kukan wata ɗaliba, sai na biyu. Doguwa ta dubi ƙofa, ta dubi kujerar malami, ta dubi Uwar Biyu. Ba ta tashi ba. Ta matso da kujerar, suka yi kukan tare.

Bayan an watse da zaman gaisuwa, ɗan Malama ya kwashe kaya ya sa wa ƙofar kwaɗo. Mutane suka yi ta ce wa Uwar Biyu ta gode Allah da ta samu suka yi sallama. Ita kuwa ba ta san ko sun yi ba. In Malama na cikin hankalinta, to wasansu ta yi mata na ƙarshe, ta zaɓi su rabu a inda suka fi jin daɗin juna. In kuma ba ta ciki, to matar da babu ita a duniya ce ta samu sallamar, ita da suka yi shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta katanga ta fito hannu wofi. Tana taka keke tana juya abin, har ta ɗinke wa wata riga aljihu a baya.

Ana haka Doguwa ta kawo farar rigarta a sake mata tsawo. Uwar Biyu ta durƙusa tana warware kalmasa, allura a baki, ta ba ta labarin asibitin duka. Sannan ta ce, ke da kike karatun abin, gaya mini gaskiya, ta gane ni ko ba ta gane ni ba?

Doguwa ta dubi kalmasar da ake warwarewa. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce irin wannan ruɗewar zuwa take tana tafiya, mutum ya san ka da safe, da rana ya ɗauke ka wani, wani lokacin ma a cikin magana ɗaya. Ta ce ko likitan da ke kanta ba zai iya rantsuwa ba.

"To me ake koya muku, in ba ku san wannan ba?"

"Mama, Malama ta hana mu tambayar mutum ko ya gane mu. Ta ce jarrabawa ce ga wanda ya riga ya gaji. Ta ce ke za ki faɗa masa ko ke wace ce, da inda yake, da ranar da ake ciki. Kullum kika shiga, ko ya riƙe ko bai riƙe ba."

Uwar Biyu ta cire allurar daga bakinta. Ta ce ita ba a taɓa gaya mata wannan ba. Doguwa ta ce ai a aji ake faɗa, ita kuwa Mama kullum tana kan gado. Suka ɗan yi dariya, ba mai yawa ba. Yarinyar ta so ta ƙara wata magana ta lallashi, ta fasa. Uwar Biyu ta ce ta miƙe tsaye sosai, tsawon nan nata zai cinye mata yadi.

Sabon malamin ya aiko sau da yawa yana tambayar ko matar direba za ta dawo. Ta ce a gaya masa tana tunani, kuma da gaske tunanin take yi.

Har yanzu ba a sa kowa a gidan Malama ba. Ƙura ta taru a kan kwaɗon, wata ciyawa ta fito a gindin ƙofar. Kowace safiya in Uwar Biyu ta fito za ta buɗe shago, makulli a hannu, takan tsaya a wurin. Ba ta ƙwanƙwasawa. Takan duba ko akwai mai wucewa, sannan ta matsa kusa da ƙarfen ƙofar.

"Ni ce, Uwar Biyu, mai ɗinki, ta gidan nan na kusa. Safiya ce. Yau Talata."

Ta ɗan jira. Sannan ta gyara mayafi ta wuce.