Muciyar Vimbai

Ranar Talata Vimbai za ta karɓi takardar kammala karatun jinya, ranar Asabar ɗin makon kuma a ɗaura mata aure, duk a Leeds. Ba soyayya ce ta jawo gaggawar ba. Tikitin jirgi ne ya yi tsada, uwa kuma ɗaya ce, sai aka ga gara a more ta sau biyu kafin a dawo da ita Mutare.

Tsungai tana zaune kan dilar gwanjo a kasuwar Sakubva da ke Mutare aka jefa ta cikin zauren hirar waya da aka buɗe don bikin. Mutum arba'in da ɗaya ne a ciki, kusan duk suna waje, kusan duk kuma suna kiran amarya "Vee". Ba a daɗe ba aka turo jerin kayan da amarya ke so, kowa ya zaɓa ya biya ta waya, kanti ya kai mata har ƙofa.

Ta karanta wa Sekai, mai sayar da takalma a rumfar da ke jikin tata.

"Na'urar sa madara ta yi kumfa."

"Madarar laifin me ta yi?" in ji Sekai.

"Ƙarfen jera burodi a tsaye."

"In ya kwanta mutuwa yake yi?"

"Kyandir mai ƙamshin ruwan sama. A Ingila fa. Inda ake yi musu ruwan kyauta daga safe har yamma."

Suka yi dariya, amma ta Tsungai ba ta yi nisa ba. Tun aji ɗaya na firamare take tare da Vimbai, benci ɗaya, bulala ɗaya. Tsungai ta tsaya a aji biyu na sakandare, sauran karatun ta ƙarasa shi da kanta daga tsofaffin littattafan bakin titi da takardun da ake mantawa a aljihun gwanjo. Vimbai ta wuce. Shekara shida ke nan da tafiyarta. Da farko kowace Lahadi tana kira, daga baya ya koma sau ɗaya a wata, yanzu kuwa sai ranar haihuwa ake turo hoton balan-balan. Abu ɗaya Tsungai take son sani: ko akwai sauran wurinta a wajen Vimbai. Ba ta da bakin tambaya, sai ta ce bari kyauta ta je ta tambayo mata.

Sai dai me za a aika wa mutumin da yake zaune a inda kaya ke fitowa?

"Ki zaɓa mata riga mai kyau a dilarki," in ji Sekai.

"Rigar nan daga can ta zo. In na aika, na biya mata kuɗin komawa gida ne kawai."

"To zanen gado."

"Ban san girman gadonta ba. Mijin ma a hoto na san shi, kuma rabin fuskarsa tabarau ne."

Kwana huɗu tana zagaye. Ta shiga kantin masu sayar wa baƙi tsaraba a cikin gari, aka nuna mata raƙumin dawa na katako da agogo mai siffar taswirar ƙasa. Ta tsaya tana kallon raƙumin. Ita da Vimbai ba su taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a littafin aji uku.

A rana ta biyar tana tuƙa sadza, tuwon masararsu, a gida abin ya faɗo mata. Suna 'yan shekara goma sha uku, tuwon Vimbai ba ya taɓa fita ba gudaji. Bahaguwa ce, muciyar gidansu kuma ta lanƙwashe ta bi hannun dama. Duk ranar girkinta sai Tsungai ta tsallako ta katangar baya ta tuƙa mata, ta koma kafin manya su shigo, a yi ta yabon Vimbai. Wata rana Vimbai ta ce, "Ranar aurena ke za ki ba ni muciya, ta hannun hagu. In wata ta kawo, a murhu zan sa ta." Har da rantsuwa.

Ta sami wani tsoho da ke sassaƙa a bayan kasuwa. Ya ce shekararsa hamsin yana wannan aiki ba wanda ya taɓa ce masa muciya tana da hagu da dama. Ta zauna ta nuna masa yadda bahaguwa ke juya hannu, har ya gane, ya karkatar da bakin. Ta sa ya yi maburgi ma. Biki biyu, itace biyu: maburgi na kammala karatu, muciya ta aure. A gida ta gasa wayar ƙarfe a garwashi, ta ƙona suna a jikin mariƙin harafi bayan harafi. Sunan Vimbai ta rubuta, cikakke, ba "Vee" ba. Ta ƙone yatsa biyu.

Ranar awon akwati gidan Maman Vimbai ya cika. Gida ne sabo a unguwar Chikanga, wanda kuɗin Ingila ya gina, yana da bene amma ba a gama matakala ba. Duk mai ɗan'uwa a ko'ina cikin Ingila ya zo da ƙunshinsa. Busasshen kifi, busasshen ganyen kabewa, niƙaƙƙiyar gyaɗa a gwangwani, lemon kwalba na tsarmawa, har da wata mata da ta kawo takalmin jikanta a kai masa Glasgow, tunda duk hanya ɗaya ce. Kilo ashirin da uku jirgi ya yarda.

Mai awo ita ce Tete Erina, ƙanwar mahaifin Vimbai. A al'ada ita ce mai magana a kan duk abin da ya shafi amarya, a gidan nan kuma ita ce mai magana a kan jirgi, don ta taɓa yin wata uku a Luton ta Ingila shekara goma sha tara da suka wuce, kuma har yau muryarta ba ta gama dawowa daga hanci ba. An hana ta biza wannan karon. Ita dai cewa take ba ta son sanyin watan.

Sikelin banɗaki ne, ƙarami, in an ɗora akwati sai ya rufe lambar. Saboda haka yadda kowa ke yi aka yi: mutum ya rungumi akwati ya hau, a cire nauyinsa, abin da ya rage na akwati ne. Tete ta tuɓe takalmi, ta rungumi akwati, ta hau. Maman Vimbai ta durƙusa ta leƙa.

"Ɗari da bakwai."

"A cire saba'in da biyu," in ji Tete.

Saba'in da biyu nauyin Tete ne a Luton. Tun daga lokacin an yi bukukuwa da yawa.

"Talatin da biyar," wata ta faɗa a hankali. "Ya wuce da sha biyu."

Aka buɗe akwati aka fara fitarwa. Kifi ya fita. Gyaɗa ta fita. Takalmin Glasgow ya fita, mai shi ta ce ba komai, da murya mai komai. Abin da bai motsa ba shi ne hular bikin Maman Vimbai a kwalinta, da raƙumin dawa na katako da Tete ta saya wa iyayen ango.

Tsungai tana tsaye jikin ƙofa da ƙunshinta a takardar jarida. Ta saba ɗaga dila, ta san nauyi. Akwatin nan da ta taya shigo da shi bai kai ashirin da biyu ba. Ta ce wa kanta ta yi shiru. Ta kuma maimaita wa kanta.

"Tete," ta ji bakinta ya ce, "da kin hau ke kaɗai mun gani. Wataƙila sikelin ne."

Tete ta juyo da dukkan jikinta, wanda ya ɗauki ɗan lokaci.

"Wannan 'yar waye?"

"Tsungai ce fa, Tete," in ji Maman Vimbai. "Ta Sakubva. Ƙawar Vimbai."

"Au, mai gwanjo. Jirgi nawa kika hau, 'yata?"

"Ko ɗaya, Tete."

"To. Me kika kawo?"

Tsungai ta kwance jaridar. Tete ta ɗaga muciyar da yatsa biyu kamar wadda ta tsinci ɓera.

"Ma'aikaciyar jinya, mai digiri, za a kai wa sanda. Kin ga jerin kayan kuwa? Ko wayarki ba ta buɗe irin wannan? Can ba a tuƙa tuwo da itace. Suna da na roba, mai launi. Kuma wannan a karkace take, ko ba ki duba ba kafin ki biya?"

Wasu suka yi dariya, yawancinsu waɗanda kayansu ke cikin akwati har yanzu. Maman Vimbai ta karɓe ƙunshin, ta dafa kafaɗar Tsungai.

"Kawo, 'yata. A jakar hannuna zan sa. Da hannuna zan ba ta."

Ba a nuna bikin kai tsaye ba, sai guntayen bidiyo. Tsungai ta ga Vimbai da hula mai kusurwa huɗu, ta ga Vimbai da farar riga, ta ga ƙawayen amarya shida da ba ta san ko ɗaya ba. An ɗauki teburin kyaututtuka, ta tsayar da bidiyon ta buɗa shi da yatsu har hoton ya farfashe. Kwalaye ne kawai.

Bayan kwana tara saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa arba'in.

"Tsu! Ke 'yar banza, kin sa ni kuka! Muciya fa! Ta hagu! Har da sunana! Kin tuna? Wallahi tun da ta zo da ita nake tuƙi, ko gudaji ɗaya babu, maigidan har tambaya yake wa ya koya min. Ina nan zan kira ki, aiki ne ya yi min yawa. Ki gaida Mama."

Ta saurara sau goma sha ɗaya kafin azahar. Ta kunna wa Sekai. Ta kunna wa wata mata da ta zo neman wandon makaranta, ta kuma rage mata kuɗin wandon ba dalili. Ta je har bayan kasuwa ta kunna wa tsohon mai sassaƙa, ya ce to madalla, a turo masa sauran bahagwayen Ingila.

Da Maman Vimbai ta dawo, Tsungai ta je sannu da zuwa. Falo cike da masu karɓar tsaraba. Aka ba ta ɗan maganaɗisun firiji mai hoton ango da amarya. Ba ta da firiji, amma ta gode.

"Kun san abin mamaki?" Maman Vimbai take ce wa baƙi. "Da muka je filin jirgi a Harare aka ɗora akwatin nan, kilo tara! Tara kacal. Yarinyar da ke awo har ta tambaye ni ko na manta wata jakar."

"Sikelinsu ne," in ji Tete daga kan kujera. "Ba sa gyarawa."

Mutane sun yi yawa, aka rasa mai tuƙa sadza. Maman Vimbai ta ce, "Tsungai, 'yata, hannunki ya fi na kowa, taimaka." Ta shiga kicin. Ruwa ya riga ya tafasa. Ta jawo aljihun tebur tana neman abin tuƙi.

Muciyar tana nan a ciki, tsakanin ludayi da wuƙar burodi. Maburgin ma yana gefenta. An riga an fara aiki da ita, bakinta ya yi fari da busasshen tuwo. Sunan yana nan yadda ta ƙona shi, harafin ƙarshe ya ɗan karkace, wurin da wayar ta zame ta sami yatsarta.

Ta daɗe tana riƙe da ita. Ba ta ji shigowar Maman Vimbai ba.

"Ayya," in ji matar. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza zanenta. "Ta fi jakar hannun tsawo, 'yata. Tete kuma ta riga ta kulle akwatin da kwaɗo. Amma na gaya wa Vimbai komai, har sunan, har hagun. Ta ji daɗi sosai. Ta ce kada a faɗa miki, kada ranki ya ɓaci."

"Ba komai, Mama."

"In an sami mai tafiya a Disamba…"

"Ba komai, Mama. Garin yana ina?"

Ta dama da maburgin, ta bari ya dahu, ta fara zuba gari. Muciyar ba ta zauna mata a hannun dama ba, kowane juyi sai ta kauce. Tsohon ya iya aikinsa. Ta mayar da ita hagu ta ci gaba a haka, a hankali, kamar mai koyo. Tuwon mutum ashirin ne. Karon farko tun tana 'yar shekara goma, ya fita da gudaji.

Ta kwashe, aka kai falo. Ta ji Tete tana tambaya wa ya yi wannan.

Ta wanke muciyar, ta goge, ta mayar da ita tsakanin ludayi da wuƙar burodi, ta rufe aljihun. Sannan ta ciro waya. Ba ta amsa saƙon Vimbai da rubutu ba tun ranar, tana jiran kiran. Ta rubuta: "Na ji daɗi da ta yi miki. Ki riƙa shafa mata mai, kada sanyin can ya tsaga ta."

Kafin ta kai bakin titi amsa ta shigo. Hoton zuciya ne ja, da kalma biyu: "Kullum, Tsu."