Lahadi Huɗu da André

Sau huɗu kacal Malam Moutari ya taɓa zama da André, duka ran Lahadi, amma in ka ji yana ba da labarinsa sai ka rantse tare suka yi wasan ƙasa a Damagaram.

Moutari ya zo Paris karatun shekara uku, ya shekara ashirin bai koma ba. A 2001 aka ba shi takardar ɗan ƙasa. Shekara na zagayowa aka yi zaɓen 'yan majalisa, ya sa babbar rigarsa ya tafi makarantar unguwarsu da ke La Chapelle ya jefa ƙuri'a. Zai fita wata mata ta tare shi, ta ce suna neman masu taya ƙidaya, ko zai dawo ƙarfe takwas? Shi kuwa ba a haife shi inda ake roƙon mutum ya ce a'a ba. Ya dawo.

Mutum huɗu ake zaunarwa kowane tebur. Ɗaya ya buɗe ambulan, ɗaya ya karanta sunan ɗan takara da ƙarfi, biyu su ja layi a takarda. Mai buɗewa a teburinsu wani tsohon direban jirgin ƙasa ne mai jan hanci, shi ne André. Moutari aka ba karatu.

André ba ya fitowa ƙidayar kowane zaɓe sai na 'yan majalisa. Ya ce shugaban ƙasa na kowa ne, amma mazaɓar nan tasa ce, a cikinta aka haife shi tun ba a yanke ta ba. Yana da wani ɗan littafi da ya rubuta tarihinta: shekarar da jam'iyyar hagu ta ci, shekarar da ta dama ta ƙwace, shekarar da hagu ta karɓe abinta. Shi ɗan dama ne, bai kuma ɓoye ba. Moutari kuwa hagu yake yi, unguwar ma haka, don haka duk zama shi ke karanta wa André faɗuwarsa a kunne, takarda bayan takarda.

"Karanta a hankali, mon ami," in ji André. "Ina jin daɗin da kake ji cikin muryarka."

Zagaye biyu a 2002, zagaye biyu a 2007. A na ƙarshen André bai yi tsokana ba. Da aka tashi, rana ba ta gama faɗuwa ba, suka tsaya a ƙofar makaranta, ya ce matarsa Monique tana asibiti, ran Talata za a yi mata aiki, likitoci ba su ba shi tabbas ba. Moutari ya riƙe hannunsa ya ce zai sa ta a addu'a. Suka rabu da cewa sai zaɓe mai zuwa.

Sai da jirgin métro ya tashi ya tuna bai san sunan mahaifin André ba, bai san gidansa ba, balle lambar tarho. Ba sakaci ba ne. Inda ya tashi ba ka cewa mutumin kirki ya rubuta maka inda yake, kamar mai shirin kai shi ƙara. Suna ɗaya ya isa, ka shiga unguwa ka tambaya a nuna maka ƙofa. Shekarunsa a Paris ba su cire masa wannan ba.

Bayan wata bakwai kamfanin da Moutari ke wa aiki ya maida ɗakin ajiyar kayansa kusa da Lyon, Moutari ya kwashi iyali suka koma Vénissieux, hawa na tara a wani bene na unguwar Minguettes. Nan abin ya zauna masa a rai. Kullum bayan sallar asuba yana ambaton Monique, matar da bai taɓa gani ba. Bai san ta tashi ba, bai san ta tafi ba. In ta tafi, to ga abokinsa can ya yi rashi, shi bai je ya yi masa gaisuwa ba, wannan kuwa abin kunya ne da ba ya wankuwa. Kewar tsohon ta dame shi ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa.

Saboda haka ya ƙi maida sunansa cikin masu zaɓen Lyon, ya bar shi a adireshin ƙanensa Nouhou da ke La Chapelle. 'Yarsa Biba, mai karatun shari'a, ta gaji da yi masa bayani.

"Baba, mazaɓar taku fa an soke ta. An yi sabon découpage, an raba ta an liƙa wa maƙwabta. Mi za ka je nema?"

"Lakwal ɗin, makarantar da muke ƙidaya, tana nan ko an ɗauke ta?"

"Tana nan."

"To shi ma yana nan."

Ran Lahadin zaɓe, a watan Yunin 2012, ya kama jirgin safe. Makarantar tana nan kuwa, sunansa ma yana nan, ya jefa ƙuri'arsa ga wani da bai sani ba. Amma fuskokin teburin duk sababbi ne. Da ya tambayi André, wani mai gemu ya ce masa André nawa? Layin rabon ta tsakiyar unguwa ya bi, waɗanda ke tsallaken titi an kai su wasu rumfunan.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya tsallaka titi yana tambaya. André mai jan hanci, direban jirgi, mai ɗan littafi. A rumfar farko aka yi masa murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. A ta biyu aka ce ya fita in ba zaɓe ya zo yi ba. La'asar ta yi ya isa ta uku, wani zauren wasanni, ƙafafunsa sun kumbura cikin takalmin salla. Ya bi layi har gaban teburin sa hannu, ya sake jero bayaninsa.

Wata dattijuwa mai gajeren farin gashi, wadda ke riƙe da kundin sunaye, ta ajiye biro.

"Kai ne mai karatun," ta ce. "Mai babbar riga. Ni ce Monique."

Lafiyarta ƙalau, har da ƙiba. Farin ciki ya kama Moutari, ya manta inda yake. "Alhamdulillahi. Madame, kin warke. Shekara biyar ina tambayar kaina. Ina André? Sai takwas zai zo?"

Ta girgiza kai. Ta ce zuciya ce ta ɗauke shi, cikin sanyin 2009, a kicin, yana dafa mata kofi. Ta ce ya yi ta cewa zai nemi mutumin nan ya gaya masa aikin ya yi kyau, amma bai san ko sunansa cikakke ba. Tun daga nan take zuwa tana zama a rumfa a madadinsa.

Layi ya yi tsawo a bayansa, wani har ya fara gyaran murya. Moutari bai juya ba. Ya tattara rigarsa ya tsuguna a gaban tebur kamar yadda ake yi a gida, ya yi mata gaisuwa a hankali, da Faransanci iyakar inda ya kai shi, sauran da Hausa. Ta miƙo hannu ta saman kundin, ya riƙe.

Abin da ya fi ci masa rai bai iya gaya mata ba. Duk asubahin shekarun nan sunanta yake kira. Ko sau ɗaya bai sa na André ba, don bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ma yana bukata ba.