Zaren Kaset a Gonar Baffa Musa

Shagon Ila yana bayan tashar mota ta Tanut, ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Gyaran waya da rediyo ke ciyar da shi, amma rabin ɗakin tsofaffin kayan ɗaukar hoto sun cinye shi. Akwai kamarori masu nauyin ɗan akuya, akwai magineto guda tara, wato injin nan da ke haɗiye kaset ya fito da hoto a tele. Uku kaɗai ke aiki. Sauran yana kwance musu kayan ciki yana yi wa ukun magani. Wanda robarsa ta narke ya yanka masa tiyub ɗin keke, wanda gangar cikinsa ta yi datti ya goge ta da alkol da auduga.

Mutanen tasha suna kiransa Mai Mushe. Sunan bai dame shi ba. Abin da ke ƙona masa rai shi ne yadda ƙasar nan ba ta ajiye komai. Biki da suna da yunwa, duk an taɓa ɗaukarsu a kaset, duk kuma an bar wa gara da rana. In ya yi magana sai a kalle shi da murmushi a ce, to me za a yi da abin da ya wuce?

Wata ranar kasuwa a ƙarshen damina, wani makiyayi dogo ya yi sallama, tsohuwa na biye da shi riƙe da gefen rigarsa. Ya ce sunansa Hamidu, daga arewacin Belbeji suke, wannan mahaifiyarsa ce, Dado.

"Kai ne mai tara akwatunan hoto?" in ji tsohuwar.

"Ni ne, Inna. Ga tabarma."

Ba ta zauna ba. Ta ce a shekarar babban fari, shekara arba'in ke nan, shanunsu suka ƙare, suka gangaro kudu da ƙafa har wani sansani da aka yi kusa da Tudun Aduwa, wajen Gangara. Can zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ta farfaɗo sai ta ga kanta a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ana mayar da su arewa, aka ce mata an binne mutumin tun kwana huɗu.

"Wane mutum, Inna?"

Ta kawar da kai. Hamidu ya ce a hankali, "Babana. Amadu. Ba ta faɗin sunansa."

"Ina so in tsaya inda yake," in ji Dado. "Idona na tafiya. Bayan girbi wannan zai kai ni arewa, kuma na san ba zan sake gangarowa ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce can gabas da gari. Gabas da gari ai har Makka ne. Amma na tuna akwai wani mai akwati a kafaɗa, kullum yana bin mutane da shi. In ya ɗauki masu rai, ya ɗauki na kwance."

Tudun Aduwa garin su Ila ne. Kuma akwatin da take faɗi yana nan bisa kanta a kan katako. Na marigayi Abdulgafar ne, wanda ya yi wa wani foroje, wato shirin rabon abinci, aiki a lokacin. Matarsa Asibi ce ta ba Ila shi bara. Kasakasan kuwa, wato kaset-kaset ɗin da ya ɗauka, ta hana, ta ce kayan mai gida ne.

Washegari da hantsi Ila ya hau moto, wato babur, ya tafi Tudun Aduwa. Ya sami Asibi tana tsintar wake.

"Inna Asibi, kasakasan nan."

"Ka makara, Mai Mushe. Tsuntsu ya yi yawa bana. Baffanka Musa ya ɗauki uku tun watan jiya."

Ta nuna masa bayan rumbu. Ƙoƙunan kaset uku ne a yashe, an fasa su da dutse, cikinsu wayam. A jikin ɗaya akwai takarda da rubutun Faransanci da ya kusa gogewa: sansani, jana'iza, da shekarar.

Ila ya san abin da aka yi. Kowa a ƙasar Damargu ya sani. In gero ya fid da kai, tsuntsun janbaki ya sauko, sai a fasa kaset a zare zaren a ɗaɗɗaure shi daga kara zuwa kara. Yana walƙiya a rana, yana kuka in iska ta taɓa shi, tsuntsu ya tsorata. Ba wanda ya taɓa tambayar me ke cikin zaren. Fuskar kakanka ce ko muryar uwarka, duk ɗaya, in dai za ta kori tsuntsu.

Tun kafin ya ga gonar ya jiyo ta. Wani irin guna-guni ne, mara tashi mara sauka, kamar taron mutane na magana a bayan bango. Ya kashe moto. Ba kowa a hanya, rana tsaka. Baƙin zaren ya ratsa gonar ko'ina, yana ƙyalli yana karkarwa bisa kawunan gero, kuma ko tsuntsu ɗaya babu. A gonakin maƙwabta ma akwai zare, amma can tsuntsaye na sauka jefi-jefi. Nan kuwa ko fara ba ta tashi.

"Wa ya aiko ka?"

Baffa Musa ne, ƙanen mahaifinsa, ya fito daga cikin gero da lauje a hannu.

Ila ya gaishe shi, ya faɗa masa komai. Tsohon ya saurara yana kallon ƙasa.

"Yanzu saboda wata Bafillatana za ka buɗe wa tsuntsu abincin gidan ubanka? Abin da lakwal, makarantar bokon nan, ta koya maka ke nan?"

"Na zo da leda da fasassun faifai, Baffa. Duk inda na kwance zan ɗaura wani. Ba za ka rasa zangarniya ɗaya ba."

"Rana ta ci shi, ruwa ya doke shi. Ba abin da za ka gani."

"In ban gani ba, ba ka yi asarar komai ba."

Baffa Musa ya tofar da yawu. "Mutanen nan sun tafi. A bar su su huta mana."

"Sun huta, Baffa. Ita ce ba ta huta ba."

Tsohon ya juya ya shige gero bai ce a'a ba. Ila ya yini yana kwancewa yana naɗewa a kan kara. Duk tsawon da ya kwance, guna-gunin na raguwa, har ya kai ƙulli na ƙarshe a jikin wata aduwa mai rassa biyu kamar baka. Da ya kwance shi gonar ta yi tsit, shirun da ya sa shi waiwaye sau biyu kafin ya kai moto.

Kwana biyar ya yi a kan aikin. Baffa ya yi gaskiya a kan mafi yawan zaren: in ka ja shi tsakanin yatsu sai baƙin ya zube kamar toka ya bar leda fara. Amma wuraren da aka naɗe a kara, da inda ganye ya rufe, sun tsira. Ya yanke su da reza, taƙi goma nan, taƙi talatin can, ya goge, ya miƙar da su a ƙarƙashin gilashi, ya haɗa baki da baki da sikoc, ledar nan mai liƙewa. Ba yadda zai san wanne ke gaba wanne ke baya. Ya haɗa su yadda suka zo hannu, ya naɗe cikin ƙoƙon wani kaset. Bai gwada ba, don ya san zare irin wannan sau ɗaya zai bi ta cikin inji.

Dama Hamidu ya riga ya sauke mahaifiyarsa a Tudun Aduwa, don haka can Ila ya kai tele da magineto da batir. Zauren Baffa Musa ne kaɗai mai duhun da ake bukata. Bayan azahar aka saki asabari a ƙofa. Dado ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ila ya kafa wayarsa tana ɗaukar telen, ya tura kaset. Baffa na zaune can lungu yana jan carbi.

Da farko yayyafi ne kawai, fari da baƙi. Sai hoto ya tsaya, ba murya, don gefen zaren da ke ɗauke da ita ya lalace. Fili fetal, ba ciyawa ko ɗaya. Mata a layi da ƙwarya. Hoton ya yanke. Wasu maza huɗu ɗauke da abu a tabarma, ƙafafu biyu dogaye sun leƙo ta ƙarshe.

"Shi ne," in ji Dado. "Ƙafarsa ce."

Ya sake yankewa. Sai ga mutum zaune a gindin bukka, dogo, ramamme, da rawani. Yana raye. Ya ɗago kai ya dubi cikin zauren kai tsaye, bakinsa na motsi.

Hamidu ya ja da baya har ya bugi bango. Ila ya buɗe baki zai ce haɗin zare ne ya kawo baya gaba, amma Dado ta riga shi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar amarya, ta sunkuyar da kai.

"Lafiya lau," ta ce da telen. "Yaron ya girma. Ga shi nan." Ta yi shiru tana sauraro. "A'a, shanun ba su dawo ba. Wasu muka samu."

Mutumin ya ci gaba da magana mara sauti, ita tana amsawa da "to" da "na ji", har zaren ya kai mahaɗa ya haɗiye shi.

Abin da ya biyo baya rami ne. Tuddan kaburbura a jere, sababbi. A bayansu aduwa mai rassa biyu kamar baka, ƙarama a lokacin. Ila ya san ta, don kwana shida da suka wuce ya kwance ƙulli a jikinta. Cikin ramin wani saurayi ne tsirara daga ƙugu zuwa sama, yana fid da ƙasa da ƙwarya. Ya miƙe ya share goshi, ya dubi mai ɗauka.

Carbin da ke lungu ya daina ƙara.

"Kashe abin nan," in ji Baffa Musa.

Ba a bukaci kashewa ba. Zaren ya tsinke a ciki, telen ta koma yayyafi.

Ila ya juya ya fuskance shi. "Kai ne ka haƙa, Baffa. Kusan shekara arba'in kana noma a kansu. Ni ma na ci, tun ina yaro nake ci. Kuma duk garin nan sun sani, ko? Kowa ya sani, kowa ya ce gabas da gari."

"Rage murya, a gidana kake." Tsohon bai ɗago ba. "Mu muka binne su da ba wanda zai taɓa su. Shekara uku ina jibga ƙaya a wurin. Ta huɗu aka yi ruwa, gonarmu ta tudu ta mutu, nan ne kaɗai ke da laima. Na ce bana kawai. Ba wanda ya zo nemansu."

"Na zo," in ji Dado. Ba ta ɗaga murya ba. "Sau uku. Zuwa na biyu kai ka ba ni fura a ƙofar nan. Na gane muryarka tun da muka shigo."

Baffa Musa ya sa carbin a aljihu, ya miƙe da ƙyar, ya ɗage asabari.

"Taso, baiwar Allah."

Suka bi shi, su uku, cikin rana. A gona ya tsaya a gindin aduwar, ya juya wa bishiyar baya, ya fara taku yana ƙirgawa a ransa, yana ture gero da hannu. A taku na tara ya tsaya.

"Su goma sha ɗaya ne. Naki na huɗu. Ban manta ba don sai da muka ƙara tsawon ramin." Ya sa ƙafa ya kwantar da karan da ke wurin, ɗaya bayan ɗaya, da kawunansu cike da ƙwaya, har fili ya buɗe daidai tsawon mutum. "Kansa nan, ƙafa can."

Dado ta tuɓe takalmanta. Ta durƙusa ta shafa ƙasar da tafin hannu.

"Kun juya shi alƙibla?"

"Mun juya."

"An yi masa salla?"

"Mu biyar, da liman."

"Wanka fa?"

Tsohon ya girgiza kai. "Ba ruwa a shekarar nan. Taimama muka yi masa."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, Hamidu ya kwance goran ruwan da ke kafaɗarsa ya sa mata. Ta cire marfin ta fara zubawa a hankali, daga wajen kai zuwa ƙafa. Ƙasar na shanyewa nan take, ko alamar jiƙa ba ta bari. Da goran ya ƙare ta girgiza shi, ta miƙa wa Baffa Musa.

"Bai ishe shi ba," ta ce. "Ƙaro."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya kama hanyar rijiya.