Gindin Kujerar Baya

A garinmu duk hunturu sai an zuba wa titi gishiri don ƙanƙara ta narke, gishirin kuma ya cinye ƙasan motoci. Kowa ya sani, ba wanda ya damu. Shi ne abin da ke hana ni zama tun da na dawo garejin Kawu Costel daga kwalejin ƙere-ƙere.

Ran nan Mitru ya kawo bas ɗinsa mai kai yara makaranta, gobe hukuma za ta duba lafiyarta. Na shiga ƙarƙashi na taɓa gindin kujerar baya, tsatsa ta zubo mini a fuska.

"Kawu, sai an yanke nan an yi walda."

"To fa, injiniya ta fara," in ji shi. Ya riga ya ɗauko tsofaffin jaridu. Haka suke yi: a cusa takarda a ramin da tsatsa ta ci, a shafe da fotin cike rami, a bi da baƙin fenti, a watsa laka don kada ya yi kama da sabon aiki.

"A nan bel ɗin kujera yake ɗaure!"

"Ilinca, 'yar nan, tun kina goye nake wa motar nan haka. Wa ya mutu?"

Mitru ya yi dariya. "Ƙyale ta, Costel, boko ne ke cizon ta."

Suka tsallaka shan kofi. Na kai, na komo, na zauna, na miƙe. Sai kawai na jona injin yanka. Kafin su dawo a guje na fafe wuri mai faɗin faranti, wanda ba jaridar da za ta toshe.

"Kin haukace ne?" Kawu ya daka mini tsawa. "Gobe fa!"

Na miƙa wa Mitru abin da na yanko. Ya kama ƙusar bel ɗin da yatsa biyu, ta zare kamar daga cikin burodi, ruɓaɓɓiyar takarda manne da ita.

Dariyar ta ɗauke. "Nan 'yata Anca take zama," ya ce.

Kawu ya buɗe baki, Mitru ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni.

"Sauran kujerun ma ki duba. Makon nan yaran sa tafi makaranta a keken doki."