Bokitai Biyu a Kife

Tun da Mama ta dawo gidan Auta da zama, babu ragowar abin da ya sake kwana shi kaɗai. Guntun sabulu ta manna shi a jikin sabo, ragowar mai ta juye a kwalba ɗaya. Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, hawa matakala ma sai ta huta a tsakiya, amma hannunta ba ya hutawa. Da safiyar ranar Auta ta tarar an haɗe mata man gashi da na jiki, ranta ya ɓaci, ta faɗi abin da bai kamata ba.

"Mama, don Allah ki daina taɓa min kaya. Ba aiki na kawo ki yi ba."

Mama ta juya ta bar wurin. Can an jima Auta ta ji ta shige ɗaki ta murza mukulli.

Da rana Auta ta fita bayan gida. Ruwan kwamin wanka, inda suke iyo, ya fara kore, maigidanta kuma ya yi tafiya, aikin ya faɗo kanta. Ta san ƙa'idar aikin sarai: a cika bokiti da ruwa tukuna, sannan a zuba garin kulorin, maganin tsabtace ruwa, da busasshen ludayi, a dama, a bi gefen kwamin ana tsiyayawa. Mai shagon da ya sayar mata da garin ya ja mata kunne har ta gaji da ji. Kada garin nan ya haɗu da tsofaffin ƙwayoyin maganin ruwa da suka rage mata, ya ce, in sun haɗu suka samu danshi, hayaƙinsu kaɗai ya isa ya kwantar da ƙato.

Ta sa safar hannu, ta buɗe ɗakin famfo. Kantar da ake ajiye maganin wayam.

A jikin katanga ta hango su: bokitin garin da bokitin ƙwayoyin, an wanke su tas, an kife a rana. Wanki ne irin na Mama, har takardar jikinsu an kankare. Auta ta juya da sauri. Ta duba bayan famfo, ta duba kicin, ta leƙa kwandon shara, babu komai. Da ta shigo falo sai wani wari siriri ya soki hancinta, yana ƙaruwa tana matsawa wajen ɗakin Mama.

"Mama, ina kika kai maganin ruwa?"

Sai tari.

"Mama!"

"Na haɗe shi a tsohon bokitin fenti," in ji muryar daga ciki. "Rabi da rabi ne, suna cin wuri. Da kika yi faɗa sai na shigo da shi, kada ki gani ki ƙara."

"Bokitin a bushe yake?"

"Na ɗauraye shi mana. Ƙazama kika ɗauke ni?"

Auta ta murɗa hannun ƙofar, ta dake ta da kafaɗa. Ƙofar katako ce mai kauri, ita da kanta ta zaɓe ta. Idanunta suka fara yaji.

"Ki buɗe, Mama. Na tuba, wallahi na tuba. Ki bar shi ki fito."

"Sai na gyara ɓarnata tukun." Tarin ya daɗe wannan karon kafin maganar ta dawo. "Ikon Allah, Auta, abin ya yi zafi. Murfin har ya kumbura."

"Kada ki taɓa shi! Tagar ma ki buɗe!"

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ga butata a cike, bari in zuba masa ruwa ya huce."

Auta ta ƙwalla ihu, tana dukan ƙofar da hannu biyu, tana kiran uwarta. Ta ji an ja bokiti a kan siminti. Ta ji murfi ya ɓalle. Sannan, a hankali, yadda Mama ke yin komai don kada a yi asara, ta ji ruwa ya fara tsiyaya.