Zaren da Baba Yake Zanawa

Shekara ashirin da shida Baba yana hawa rufin sashensu a jami'a kowace safiya, ya leƙa rana ta na'urar hangen nesa mai jan gilashi, ya zana abin da ya gani da fensir. Baƙaƙen zarurruka ne ke kwance a fuskar rana. Wani sa'in zare ya ɓace ɓat, sai wuta ta tartsatsa a wurin. Burinsa ɗaya: ya tabbatar da tsawon lokacin da ke tsakanin ɓacewar da tartsatsin, ya buga littafi kafin ritaya. Abokan aikinsa har Malam Zare suke ce masa, shi ko a jikinsa.

Ni ya ɗora wa aikin shigar da zanen cikin kwamfuta. Wai ni ce mai haƙuri! Ni da ko layin famfo ba na iya bi.

A nan na ga abin da ya tsinka min zuciya. Rana juyawa take, zaren gaskiya yakan ratsa ta daga gefe zuwa gefe cikin mako biyu. Amma akwai wani a ƙasa ta dama, kullum a wuri ɗaya yake, ba ya gusawa. Yau ya ɓace, jibi ya dawo, kuma Baba ya lissafa shi cikin hujjojinsa har sau saba'in. Na nemo hotunan da wasu tashoshin binciken rana suka ɗauka a ranakun. Wayam, babu wannan zaren ko a ɗaya.

Da ƙyar na ja shi asibiti, yana ta faɗa wai na raina shi. Likita ya ce jijiyar idon dama ce ke mutuwa, ta hagun ma ta kama hanya, kuma abin da ya tafi ya tafi. Wallahi har haushin Baba na ji, sannan kunya ta rufe ni.

Washegari da hantsi ya ce in raka shi rufin. Ya saita na'urar da kansa.

"Tun yaushe yake cikin zanen, Uwata?"

"Shekara tara, Baba."

"Wata bakwai ya rage min a aiki." Ya matsa gefe. "Leƙa min. Ƙasa ta dama."

Na leƙa, na daɗe, don Allah Ya sani na so in gan shi.

"Babu komai, Baba."

Ya sake kai idonsa kan na'urar.

"Ni kuwa ga shi nan," ya ce. "Har ya ƙara kauri."